Kujerar Gefen Baba

"Auta, wannan karon ba zan karɓi 'sai an gama finafinan bana' ba."

Suna tsaye ne a harabar sinima da rana tsaka, gaban wani ƙaton allon talla mai hoton igiyar ruwa tana shirin haɗiye gari. Saurayinta ya rage murya don kada maganar ta kai kunnen Baba, wanda ke zaune a benci can gefe, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa.

"Don Allah ba a nan ba..." ta faɗa a hankali.

"To a ina? Bara ma haka kika ce mini. Yanzu asibiti sun mayar da ni wani gari mai nisa, kafin hutun nan ya ƙare zan tafi. Iyayena amsarki kawai suke jira. Masoyiyata, ki ce kin yarda, ko ki ce ba ki yarda ba, amma ki ce wani abu."

"Ka san ina sonka."

"Na sani. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan."

Ta juya ta kalli mahaifinta.

Baba ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a wannan sinimar, shi ne mai haska fim a ɗan ɗakin sama, har ciwon suga ya zo ya tafi da ganinsa. Ido ya tafi, amma son fim ya ƙi tafiya. Duk lokacin zafi, idan an shiga dogon hutu manyan finafinai suka fara fitowa, sai ya sa a goge masa kayansa masu kyau. Auta ta zauna a hagunsa, wajen kunnen da ya fi ji, tana raɗa masa duk abin da ke kan allo: wa ya shigo, wa ya ɓata rai, wa ke ɓoye wuƙa a bayansa. Idan an tashi kuma su zauna a matakalar waje, a yi abin da Baba ke kira zaman kotu, ya yanke wa fim hukunci.

Ba wai ba shi da mai kula da shi ba ne. Yaya da matarsa suna gida ɗaya da shi, ci da sha da magani duk ba ya rasawa. Amma ranar da Yaya ya gwada raka shi kallo, minshari Baba ya sha a kunne. Wannan kujerar ta Auta ce ita kaɗai, kuma ita ce ta hana ta amsa wa mutumin da take so.

"Mai Turare," Baba ya kira daga benci. Haka yake kiran saurayin, don tun kafin ya yi sallama ƙamshinsa ke sanar da zuwansa. "Zo nan. Me kake hasashe a kan fim ɗin yau?"

"Baba, tallarsa ta yi kyau sosai. An ce babu kamarsa a bana."

"Duk shekara haka ake cewa. Ni dai na saurari tallar, ƙara ta yi yawa, magana ta yi kaɗan. Auta, ke fa?"

"Abin da ka ce, Baba."

Ya murza kan sandarsa.

"Yau Mai Turare ne zai zauna a haguna. Ke ki koma layin gabanmu."

"Baba... ai bai iya ba."

"Ke ma ba da iyawa aka haife ki ba."

Aka kashe fitilu. Auta ta zauna ita kaɗai da gugguru a cinyarta, ta rasa yadda za ta yi da bakinta. Allo na haskawa leɓɓanta suka fara motsi da kansu, har ta karkata hagu kafin ta tuna babu kowa a wajen.

Daga bayanta ta jiyo muryar Mai Turare.

"Baba, ga ruwa nan... ruwa ne da yawa."

"Daga ina ya taho?"

"Daga... ko'ina dai."

Ta runtse ido don takaici. Mutumin da ke haɗa magani ba ya kuskuren ko ƙwaya ɗaya, ga shi ya kasa faɗin cewa madatsar ruwa ce ta fashe. Sau biyu tana yunƙurin juyawa, Baba yana taɓa bayan kujerarta da sanda, alamar ta zauna.

Ba ta san lokacin da ta daina jin su ba. Fim ɗin ya janye ta. Akwai wani ƙaton mahauci da ya mayar da firjinsa kwalekwale, yana tuƙi da faranti yana zagin maƙwabcinsa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Can kuma aka zo inda wata uwa ta miƙa jaririnta ga mutanen da ke kan rufin gida, ruwa ya ja ta. Auta ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba. A da, irin wannan wajen kalmomi take nema da sauri kafin hoto ya wuce, ba ta da lokacin kuka.

Mai Turare kuwa tuni ya yi tsit, baki buɗe, ya manta da aikin da aka ba shi.

Da aka tashi suka zauna a matakala, a gefen da inuwa ta sauka. Jama'a na wucewa suna ta musu, wasu na cewa ya fi na bara, wasu na cewa an cuce su.

"To, kotu ta zauna," Baba ya ce. "Kai Mai Turare, ka gode wa Allah da ya ba ka wata sana'ar. Da wannan ce abincinka, da yunwa ta kashe ka."

"Ka yi haƙuri, Baba. Abin ne yake gudu..."

"Fim kuma, hayaniya ce zalla. An kashe dukiya a kan ruwa, an bar labari da ƙishi. Auta?"

Ta buɗe baki za ta ce abin da ta saba cewa, sai ta ji ba za ta iya ba.

"Ni dai... ya yi mini kyau, Baba. Matar nan, lokacin da ta saki yaron, ba ta kalli ruwan ba ko sau ɗaya. Shi take kallo. Wallahi har yanzu jikina rawa yake yi."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Yau ne karon farko da kika saɓa mini a kotun nan."

"Ban yi nufin..."

"Na ji daɗi. Kin san abin da na saurara yau? Ba fim ba, ke na saurara. Na ji dariyarki, 'yata. Rabona da jin wannan dariyar tun ina gani da idona." Ya yi gyaran murya. "Ina ta murna ina da ɗiya mai son kallo irina, ashe ke ba kallo kike zuwa yi ba, aiki kike zuwa yi. Na karɓe miki idanu na yi nawa, ban ko tambaye ki ba."

"Baba, ni na ba ka! Da son raina na ba ka..."

"Na sani. Yanzu kuma na mayar miki." Ya juya wajen da ƙamshin yake. "Kun zaci rage murya zai hana ni ji? Ka ce wa iyayenka su zo."

Mai Turare ya durƙusa yana ta godiya.

Auta ta riƙe hannun mahaifinta da hannu biyu, kuka ya ci ƙarfinta.

"To wa zai zauna a gefenka?"

"Babu kowa. Na ƙoshi da fim. Na bana ba daɗi, na baɗi ma ba za su fi su ba. Ke dai ki amsa wa yaron nan, ya daɗe a tsaye."

Ta ɗago ta kalli Mai Turare. Idanunsa sun yi ja, bai matsa mata ba, jira kawai yake yi. Tana son sa, tana kuma jin kamar ana yanke wani abu a ƙirjinta.

"Na yarda," ta ce.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Sun fara sauka ke nan aka buɗe ƙofar zauren don masu kallo na gaba, kiɗan buɗe fim ya kwararo waje. Sai ya tsaya cak. Ya karkata kunnensa na hagu wajen ƙofar, fuskarsa ta saki, yatsunsa na bin kiɗan a kan sanda. Auta ta gane ƙarya ya yi mata, ta kuma gane ba zai taɓa janye ta ba. Ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta.

Bai motsa ba har aka rufe ƙofar, kiɗan ya ɗauke.

"Mu je gida," ya ce. "Rana ta yi zafi."