Wadda Jibrin Ya Ɗauko a Jebba

Kwana tara da dawowar Jibrin daga Legas, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa daga gidansu da ke bayan kasuwar kifi a Yelwa. A yammacin nan mahaifiyarsa, Inna Asibi, tana juya kifi a kan banda, hayaƙi yana tashi a hankali. 'Yarsa Yasira tana wanke-wanke a bakin rijiya. Shi kuwa yana zaune a kan turmi da buta a hannu, yana jiran kiran magariba.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Na biyu ya biyo, na uku ya faɗa cikin bahon wanke-wanke. Inna ta leƙa waje da zagi a bakinta, ba ta ga ko akuya ba. Da ta ɗauki dutsen sai ta ji shi sumul, da sanyi, irin wanda ake tsamowa daga gindin kogi.

Yasira ta miƙe, kumfa na ɗiga daga hannunta. Ta dubi ubanta ta ce, "Maigida, ka ci abinci kuwa?"

Buta ta suɓuce daga hannunsa. Muryar Bara'atu ce, matarsa, wadda ya sa a kabari da hannunsa a Agege.

Ciwon ƙoda ne ya kai su Legas. A tsohuwar motarsa ta ɗaukar kifi ya kai ta, suka yi wata biyu a asibiti, ta cika wata ranar Laraba, aka binne ta kafin la'asar. 'Yan uwa mazauna can suka ce ya bari a haɗa shi da direba, ya ƙi. Jibrin mutum ne mai taurin kai ko da lafiya, balle da ciwo a zuciya. Ya kama hanya shi kaɗai, ya ɗora waya a kujerar gaba inda take zama, yana kunna saƙonnin muryarta ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙare ya sake daga farko. Ta tambaye shi abinci, ya amsa. Ya nuna mata Ibadan, ya nuna mata Ilori, ya yi mata ƙorafin ramukan hanya. Da ya iso gida kuwa sai bakin ya rufe. Ko Yasira ba ta samu fiye da "Sai haƙuri" daga gare shi ba.

Tun daga yammacin jifan, kullum rana ta yi ja sai duwatsu su fara. Yasira ta sandare, ta zauna kusa da ubanta, ta yi ta magana da muryar uwarta har a kira isha'i, sannan ta zube. Da safe ba ta tuna komai. Abinci ya daina zama a cikinta. Yarinyar da ke ɗaukar jarka biyu daga rijiya ta koma sai an riƙe ta za ta je bayan gida.

A nan ne zan faɗi abin da ba shi da daɗin faɗa. Jibrin ya san 'yarsa na ƙarewa, amma tun azahar yake fara duban rana. Har wanka yake yi ya sa riga mai kyau. In Inna ta ce a nemo malami, sai ya ce a bari gobe. Gobe ta yi sau shida.

Rana ta bakwai Inna ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Jibrin, na ga rigar da kas sa. Matakka ta tahi, ɗiyakka tana raye. Ko so kake mu haƙa wani ramin?"

Bai iya ɗaga ido ba. Ita da kanta ta hau babur zuwa garin Shanga, ta dawo da Malam Sallau, wani dattijo siriri mai furfura wanda ba ya son yawan magana.

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya zauna gaban yarinyar, ya fara karatu tun rana na saman katanga. Kaji suka shige akurki da wuri. Duwatsu suka zubo, bai ko ɗaga kai ba. Yasira ta yi ta murɗewa, gumi na tsiyaya, har dai wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, ta tsohuwa, wadda ba wanda ya taɓa ji.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke nan? Mi yak kawo ki gidan mutane?"

"Ban shigo da ƙarfi ba. Tambayi maigidan. Ina zaune a gindin tsamiyata, bayan gadar Jebba, ya tsaya sallar magariba. Da ya idar sai ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya ce, shigo mu tafi gida. Ba bisimilla, ba komai. Ni kaɗai ce a wurin, sai na shiga."

Jibrin ya rufe fuska. Ya tuna. Tun da ciwo ya kama Bara'atu shi ke buɗe mata ƙofa, hannunsa ne ya yi abin da ya saba.

"Ba ke yak kira ba," in ji Malam.

"Na sani. Amma shekara nawa ba wanda ya ce mini shigo. Na zauna, na ji muryar matar har na haddace. Na ji duk abin da ya faɗa daga Mokwa har Kwantagora, yana tuƙi yana kuka. Tausayi ya ba ni. Mugunta na yi da na ba shi abin da yake nema?"

"Yarinya kike ci."

Can muryar ta ce, "To, a yi sulhu. Ranar Laraba kaɗai zan riƙa zuwa, tsakanin magariba da isha'i. Yarinya ba za ta mutu ba, rama ce kawai."

Malam ya juya ga Jibrin. "Ina iya hidda ta da karatu, amma za ta dawo, don da izninka tash shigo. Kai kak kira, kai ka sallama."

Kafin ya buɗe baki sai fuskar Yasira ta yi laushi, muryar Bara'atu ta dawo, ƙasa-ƙasa, yadda take yi in ba ta son a ji. "Maigida, kora ta za ka yi?"

Wallahi ko Inna sai da ta fashe da kuka. Jibrin ya rarrafa ya kama hannun da ke miƙo masa. Yana son muryar nan fiye da ransa, kuma ya san in ta tafi ba zai ƙara jin ta tana amsa masa ba har abada. Amma hannun da ya riƙe ba na Bara'atu ba ne. Ƙashi ne zalla, ɗan awarwaron yarinyar ya zame har gwiwar hannu.

"Bara'atu ta rasu," ya ce. "Ni na binne ta. Ke baƙuwa ta, na gode da rakiya. Don Allah ki koma gida."

Yasira ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin kakarta. Iska ta kaɗa hayaƙin banda ta yi waje da shi ta zaure. Daga masallacin unguwa aka tayar da salla.

Da Yasira ta buɗe ido ta nemi ruwa da 'yar muryarta da ta dishe. Ta sha, ta daɗe tana kallon ubanta, sannan ta ce, "Baba, tun da kad dawo nike son tambayarka, ina jin tsoro. Mamata ta ambace ni kahin ta cika?"

Jibrin ya ji kamar an soke shi. Sunan Yasira ne kalmar ƙarshe da uwarta ta faɗa kafin shahada, da saƙo mai tsawo a gabansa, shi kuwa ya zazzage shi duka a kan hanya, a kunnen wadda ba nata ba ne, ya bar mai saƙon da "Sai haƙuri."

Ya gyara zama a kan tabarma, ya ɗora kanta a cinyarsa. "Ta ambace ki, ɗiyata. Ki gahwarce ni. Bari in hwaɗa miki tun daga hwarko."