Auren Da Fasfo Ya Ɓoye

"Kika ce me? A sake ɗaga bikin?"

Mubashshir ya miƙe da sauri har kujerar robar ta kife a bayansa. Aishat ta waiga wajen ƙofar falon mahaifinta.

"Dokta, don Allah rage murya... Baba yana ciki."

"To ya ji mana! Karo na biyu ke nan, Aishat. Gidanmu na unguwar Kolere na gama shi, an yi fenti, dangina sun ɗinka anko. Yanzu kuma sai yaushe?"

"Sai fasfon ya fito."

"Yaushe zai fito?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta sani ba. Ko Edwin, ejan ɗin da ke bi musu takardun daga Abuja, bai sani ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, ana kan bincike.

Mahaifinta Alhaji Bobboi babban falken shanu ne a Mubi. A bara ya sayar da mafi yawan garkensa na Wuro Patuji, ya zuba kuɗin a wani otal da ake ginawa a wata ƙaramar ƙasa can tsibiran Karibiyan, domin gwamnatin ƙasar tana ba duk wanda ya zuba jari irin wannan shaidar zama ɗan ƙasa da fasfo, shi da 'ya'yansa. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya wa Aishat a maƙogwaro: 'yar da za a sa a ciki dole ta kasance ba ta da aure, tana ƙarƙashin ubanta.

"Gaya min gaskiya," Mubashshir ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Tafiya za ki yi ki bar ni?"

"Wallahi ba inda za ni! Ba wanda zai ƙaura, Dokta. Takarda ce kawai..."

"Takarda ce kawai, amma ga shi ta fi ni daraja a gidan nan."

"Haba masoyina..."

Bai tsaya ji ba. Ya ɗauki jakarsa ta maganin dabbobi, ya tada babur, ya bar ta tsaye tana haɗiye kuka.

Aishat ba ta iya ganin laifin Baba, shi ne abin da ya fi ci mata rai. Tana 'yar sakandare a shekarar da 'yan ta'adda suka mamaye Mubi, kowa ya gudu. Ta tuna yadda suka bi daji a ƙafa zuwa bakin iyakar Kamaru, Baba na goye da Innarsu mai ciwon ƙoda. Bayan an dawo gari likitoci suka ce sai an fitar da Inna waje. Kuɗi akwai, asibiti ya amsa, amma biza ta ƙi fitowa. Aka hana su, suka sake nema, aka ce su jira. Suna cikin wannan jiran ne Inna ta rasu a Yola.

Ranar da aka binne ta Baba ya yi rantsuwa a gaban kowa cewa ba wani nasa da zai ƙara mutuwa a layin biza. Ga shi kuma ƙanwarta Rukayyat tana fama da sikila, duk damina sai an kwantar da ita.

Ta yaya za ta dubi mutumin nan ta ce masa ba ta son fasfonsa?

Edwin ne ya kawo dabara da ya zo Mubi a ƙarshen wata. Ɗan garin Betso ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ga saurin baki.

"Alhaji, wannan ba matsala ba ne," ya ce yana kurɓar shayi. "Yarinya zai yi aure, amma shiru-shiru. Ba kati, ba hoto, ba sanarwa a masallaci. Ya zauna a gidanka kamar da. Ranar intabiyu in sun tambaye shi, ya ce shi ba aure. Wa zai tashi daga can ya zo Mubi ya duba?"

Fuskar Baba ta washe, rabon Aishat da ta gan ta haka har ta manta.

"Mamana, kin ji? Kin samu mijinki, kin samu takardarki."

Ta ce to. Bakinta ne ya faɗa, zuciyarta ba ta amsa ba.

Ta zaci Mubashshir zai ƙi. Da ta gaya masa sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

"Mijin ɓoye ke nan zan zama."

"Na ɗan lokaci ne..."

"Aishat, in da wata ce ta kawo min wannan maganar, wallahi ko sallama ba zan yi mata ba." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Amma ke ce. Ba zan iya rasa ki ba, zuciyata. A ɗaura."

Aka ɗaura auren a falon Baba bayan la'asar, daga liman sai shaidu da kawun ango. Ba guɗa, ba lalle, ko goron da aka raba a aljihu aka fita da shi. Aishat tana ɗakinta rungume da Rukayyat, tana jin fatiha ta bango.

Daga nan wahalar ta fara.

Garin Mubi ba ya barin magana ta kwana. Da aka ga biki ya wuce ba a yi ba, sai labari ya bazu cewa 'yar Alhaji Bobboi ta yar da likitan dabbobi saboda za su koma ƙasar Turawa. A kasuwar shanu dillalai suka riƙa tsokanarsa, "Dokta, ashe an bar ka da allurar shanu?" Ya yi murmushin dole ya wuce. In suka haɗu a wajen suna ko biki, sai ya gaishe ta daga nesa kamar baƙuwa.

Sai ga wata Hajiya maƙociyarsu ta zo har gida da turare da atamfa, wai tana nema wa ɗanta Gabdo auren Aishat, tunda waccan maganar ta lalace. Aishat ce ta kawo mata ruwa da hannunta, da igiyar aure a kanta, ta ajiye ta koma ɗaki. Baba ya yi ta kwana-kwana, ya ce a ba shi lokaci.

Washegari da hantsi Mubashshir ya zo, ko zama bai yi ba.

"Matata ake nema! Matata, Aishat! Gabdo da bakinsa yake gaya min a kasuwa, wai in taya shi da addu'a!"

"Dokta, intabiyun ya kusa, ka ƙara haƙuri..."

"Bayan intabiyu fa? A jira fasfo. Bayan fasfo? Edwin ya ce a ƙara jira kada su gane. Har yaushe zan yi ta kallon matata a gidan ubanta kamar ɓarawo?" Ya goge fuska da tafin hannu. "Na gaji. Ko ki tare, ko kuma ni in..."

"Kada ka faɗa!" Ta toshe kunnuwanta. "Don girman Allah kada ka ƙarasa!"

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana huci, sannan ya juya ya fita. Tun daga ranar bai sake kiranta ba.

Ranar intabiyu aka tada janareto tun safe don kada wuta ta yanke. Edwin ya ɗora kwamfuta a kan teburin falo. Aka fara da Baba, aka yi da Rukayyat, komai lafiya. Sannan aka kira Aishat. Edwin ya koma can gefe inda kyamara ba ta kai, Baba ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu.

Matar da ke cikin kwamfutar baƙa ce mai furfura, da tabarau, tana magana da Turanci a hankali. Ta tambayi sunanta, da karatunta, da inda take zaune. Sannan ta tuna mata cewa duk amsar da aka gano ƙarya ce za ta rushe takardun iyalin gaba ɗaya, ko da bayan an ba su fasfon ne.

Ko da bayan an ba su... Wannan Edwin bai taɓa faɗa ba. Aishat ta hango Rukayyat kwance a wani asibiti a wata ƙasa, an zo an ƙwace takardarta saboda ƙaryar yayarta.

"Kina da aure?" matar ta tambaya.

Edwin yana girgiza mata kai daga gefe. Carbin Baba ya daina motsi. Kalma ɗaya ce za ta faɗa ta faranta wa Baba, kuma da kalmar nan za ta ce Mubashshir ba kowa ba ne a wajenta, bayan duk abin da ya shanye dominta.

"Eh," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ina da aure. Sunan mijina Mubashshir."

Matar ta cire tabarau ta dube ta na ɗan lokaci, ta ce za a dakatar da fayil ɗin, za su ji daga gare su. Allon ya yi duhu.

"Kai! Yarinyan nan ya kashe mu!" Edwin ya ɗora hannu a ka. "Alhaji, shanunka duka yana cikin wannan abu fa!"

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya ɗauki hularsa, ya shiga mota ya tafi.

Kwanaki suka wuce bai dawo ba, ya kashe waya. Aka ce yana rugarsa a Wuro Patuji wajen sauran shanun. Rukayyat ce ta kira Mubashshir ta gaya masa abin da ya faru. Kafin azahar sai ga shi a ƙofar gida.

"Da gaske kin faɗi sunana?"

Ta gyaɗa kai, ta fashe da kuka. "Na rasa Baba, Dokta... na cuci Rukayyat..."

"Share hawayenki, hasken idona. Ɗauko mayafinki. Tare za mu je."

Ta hau bayan babur ɗinsa, suka ratsa tsakiyar gari da rana tsaka. Masu shago suna leƙowa, masu keke napep suna waiwaye. Ba ta rufe fuska ba.

Suka sami Baba zaune a kan buzu a gindin tsamiya, ya rame, yana kallon 'yan shanun da suka rage. Suka durƙusa a gabansa. Bai amsa gaisuwarsu ba.

"Baba, ka yafe min..."

"Na goyi uwarki a bayana har bakin iyaka," ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Na tsaya a gaban yaran da na haifi kamarsu ina roƙon biza, suna ce min in dawo gobe. Abin da na guje miki ke nan. Kika watsa min ƙasa a ido a gaban baƙuwa."

"Baba, matar ta ce in an gano ƙarya ko bayan shekaru ne za a ƙwace na kowa. Har na Rukayyat. A Mubi wa zai ɓoye aure har abada? In na haihu fa, me za mu ce? Kuma Baba, mijina ne. Kai ka ba shi ni. Na kasa buɗe baki in ce babu shi."

Baba ya juyo, idanunsa jajur.

"To in gari ya sake rikicewa fa? In ciwo ya kama ki? Da me zan tsallakar da ke, Mamana? Da me?"

Mubashshir ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Baba, ba ni da jarin da zan saya mata wata ƙasa. Amma na rantse maka, duk abin da ya same ta sai ya fara bi ta kaina. Nauyin nan ka ɗauke shi kai kaɗai ya isa. Ka bar min rabona."

Wani maraƙi ya yi kuka a bayan shinge. Can sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Mutumin da bai yi kuka a gaban mutane ba ko a jana'izar matarsa, ya rufe fuska da babbar riga yana shessheƙa. Aishat ta kifa kanta a gwiwarsa.

"Tashi, bingel am," ya ce da Fulatanci, wato 'yata, yana dafa kanta kamar tana ƙarama. Ya dubi Mubashshir. "Ranar Juma'a liman zai sanar a masallaci. Kuma 'yata ba za ta tare a kan wannan babur ɗin naka ba. A mota za a kai ta, da guɗa, kowa na gani."

Haka aka yi. Hajiya maƙociya ta aiko a karɓo mata atamfarta, aka mayar mata har da tukwici.

Amsar tsibirin ba ta zo da wuri ba. Aka sake bincike daga farko, Baba ya rabu da Edwin ya ɗauki lauya, ya rubuta musu gaskiyar abin da ya faru da hannunsa. Damina ta wuce, aka yi girbi, ba wanda ya san ko jarin ya tafi ke nan. Sai bayan babbar salla saƙo ya iso: an cire sunan Aishat, an amince da Baba da Rukayyat.

Ranar da za su tashi zuwa asibitin ƙasar waje da zai duba Rukayyat, Baba ya biyo ta Kolere da sassafe. Aishat ta fito da ƙyar, cikinta ya tsufa. Ya ciro sabon fasfon daga aljihu ya miƙa mata, ta shafa bangonsa, ta buɗe ta ga hotonsa ya ɗaure fuska kamar mai shirin faɗa, ta yi dariya har da hawaye.

"Ba ki yi nadama ba?" ya tambaya a hankali.

Ta waiga ta dubi Mubashshir da ke gyara jakar Rukayyat a bayan mota.

"Ko kaɗan, Baba."

Ya karɓi fasfon ya mayar aljihu, ya shiga mota. Har direba ya ja, sai ya sauke gilashi ya leƙo da kai.

"Dokta! Kada ka kuskura ka sayi ragon suna. Ni zan kawo shi da hannuna!"