Ƙullin Gwaggo Aisa

"Wanzami zai zo gobe da hantsi, na gama magana!" in ji Inna Delu, tana buga ludayi a bakin tukunya. "Gishiri ne ya fito wa matar ɗana. A yanke shi, kowa ya huta!"

Yelwa na cikin ɗaki, ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta san wata maƙwabciyarsu a nan Zongo da aka yi wa yankan gishiri, har yau fitsari ba ya tsaya mata.

Kuma fa auren so ne! Shekarar da aka samu mulkin kai, ta kai wa Mutari tela ɗinkin rigar biki, ɗan banzan ya ɓata wuyan rigar har sau uku don ta yi ta dawowa. Amma tun da ta yaye ɗiyarsu ta koma ɗakinsa, da ya matso sai ta juya bango tana hawaye. Wata uku ke nan. Mutari ya rame, uwarsa kuwa ido gare ta.

Da azahar ya dawo daga Babbar Kasuwa, ya ji zancen, ya faɗa ɗaki.

"Yelwa, don Allah, in kin daina sona ne, faɗa mini."

"Wayyo, ni na daina sonka?" Ta fashe da kuka, ta zaro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin katifa. "Gwaggo Aisa ta ba ni, matsi ne na alimun. Ta ce macen da ta haihu sai da shi, in ba haka ba miji ya gudu. Tun da na fara sa shi, wuta nake ji. Babu daɗi ko kaɗan, zafi kawai!"

"Wata uku kina cin wuta saboda ni, ba ki ce uffan ba?"

"Mace ba ta faɗar irin wannan..."

"Ɗauko mayafinki!"

Sai ga Mutari ya tada ɗan babur ɗinsa mobilet, Yelwa a baya, ƙulli a aljihunsa. Inna Delu ta biyo su har ƙofa.

"Ina za ka da ita?"

"Matarnite, Inna. Ki gafarce ni."

"Namiji a gidan haihuwa? Ka kashe ni da kunya!"

Haka ya zauna kan benci, shi kaɗai tsakiyar masu ciki, suna ta ƙus-ƙus, gumi na keto masa. Unguwarzomar asibitin, Madam Hamsatu, Bazabarma mai faɗa, ta duba Yelwa, sannan ta leƙo, ta kira Mutari irin kiran Faransanci.

"Mushe, shigo! Gishirin me? Babu gishiri! Wannan abin ne ya ƙona ta." Ta jefa ƙullin a kwandon shara. "Ga magani, sati biyu ta huta. Bon, kai tela ne, ko? In ka ɗinka riga, ba ka tambayar mai ita ko ta matse ta?"

"Ina tambaya, Madam."

"To, matarka fa? Daɗin aure na mutum biyu ne. Ka tambaya, ke kuma ki buɗe baki!"

Mutari ya sunkuyar da kai, kunya da murna suka haɗe masa.

Da suka koma, ya durƙusa ya kwashe komai ya faɗa wa uwarsa. Tsohuwa ta dubi Yelwa, idonta ya kawo ruwa. "Ashe saura ƙiris in cuce ki, ɗiyata."

Washegari da hantsi wanzami ya iso da zabirarsa. Inna Delu ta nuna masa kan Mutari. "Tunda ka zo, aske wannan!"

Bayan wata guda sai ga Yelwa tana daka tana waƙa, Mutari ya yi kumatu, kullum yana makara zuwa shago. Inna Delu ta ga komai, ta yi kamar ba ta gani ba.

To, mata, kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Yelwa ta ƙara kwana ɗaya da shirunta, da aska ce ta yi magana a madadinta.