Igiyar Awon Illa Tela

Biba na tsakar gida tana tankaɗen gari da hantsi, sai ga babanta ya faɗo ba ko sallama, igiyar awo rataye a wuyansa. Duk Buza an san Illa Tela da zafin rai, amma na ranar ya wuce na kullum. Ya ce da mahaifiyar Biba ta tattaro goro da turamen da dangin Ɗayyabu suka kawo na sa rana, yau ɗin nan za a mayar musu da abinsu.

Rariya ta suɓuce daga hannun Biba.

Ɗayyabu, saurayin nata, mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Karofane. Ya daɗe yana burin kwat da wando guda ɗaya mai kyau, kostim in ji 'yan boko, mai ruwan toka, wanda zai shiga aji da shi ran da manya suka zo daga Tawa, ya je taro, ya kuma ɗauki hoton aure. To, a Buza kaf wa ya iya yanka kwat in ba Illa ba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a Abijan yana koyon abin? Amma sai Ɗayyabu ya naɗe yadinsa, ya gifta ta ƙofar shagon Illa, ya hau mota ya kai wa wani tela a Madawa. Kafin labarin ya iso shago, magulmata sun ƙara masa gishiri: wai mushe ya ce ɗinkin Illa ya tsufa.

"Yaron da za ni ba ɗiyata shi ne za ya ƙetare shagona da yadi a hammata?" in ji Illa. "In hannun ga bai ishe shi ɗinki ba, ɗiyar da hannun ga ya ciyar ma ba ta kamace shi ba."

Uwar ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya daka mata tsawa. Kafin la'asar an mayar da kayan.

Biba ta sha kuka har idanunta suka kumbura, daga baya kukan ya rikiɗe ya zama fushi. Tana jin haushin babanta da bai tambayi dalili ba, amma haushin Ɗayyabu ya ninka shi. Ɗiya dai ba ta ambatar sunan saurayi gaban uba, balle ta kare shi. Sai ta sa aka kira Ɗayyabu gidan Gwaggo Hajo, yayar babanta.

Ya zo a kan kekensa, duk ya faɗa. Biba ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Mi Baba yay yi maka da za ka tozarta shi a idon gari?"

Ya sunkuyar da kai ya yi ta murza hula. Da maganar ta fito ma, Gwaggo ya fuskanta, ba Biba ba. Ya ce babbar riga ba ruwanta da awo, a dube ka kawai a yanka. Kwat fa? Sai ka tuɓe riga ka miƙe tsaye, tela ya zagaye ƙirjinka da igiya, ya rungumo ƙugunka, sannan ya durƙusa ya auna ƙafar wando tun daga cinya.

"Gwaggo, mutumin da in na hango shi nike cire takalmi in tsuguna, shi za ya durƙusa gabana? Wallahi gara in tahi aji da tsumma."

Gwaggo ta riƙe haɓa. Biba kuwa kamar an zuba wa wuta mai.

"Kunyar taka ta hana ka aiko Gwaggo ta hwaɗa mashi? Ka yi gum, magulmata sunka yi magana a madadinka. Ga shi nan, kunyarka ta cinye mana aure!"

Washegari Gwaggo Hajo ta taka har shago ta zayyana wa ƙanenta komai, ta haɗa da faɗa. Illa ya tsayar da keken ɗinki, ya ce ya ji, amma abin da ya furta gaban mutane ba ya lashe shi. Taurin kai dai, kamar dutsen Adar.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma, magana na nan inda take. Masu son Biba suka fara aike, ta ƙi fita zance wurin kowa. Ɗayyabu ya karɓo kwat ɗin Madawa, ko gwada shi bai yi ba ya kyautar.

Ran nan Biba na daka, sai ta jiyo babanta a zaure yana ce wa wani baƙo shi ba shi da wani suruki a Karofane. Ta jingine taɓarya ta ruga gidan Gwaggo.

"Kin ji, da bakinai ya ce ba shi da suruki. To a hwaɗa ma mushe ya sayo wani yadin. Inda ba surukuta, ina kunya?"

Ranar kasuwar Buza, shago cike da mutane, sai ga Ɗayyabu da sabon yadi. Ya cire takalmi zai tsuguna, Illa ya watsa masa harara.

"Miƙe. Nan shago ne, ba a auna mutum a tsugune."

Ɗayyabu ya tuɓe riga. Illa ya shiga awo cikin fushi, yana jan igiya har yaron ya kasa numfashi. Ya auna kafaɗa, ya auna ƙirji, ya auna ƙugu. Da aka zo kan wando, tsohon ya dafa tebur ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙas. Mutanen shago suka sulale ɗaya bayan ɗaya, don su ma kunya ta kama su. Illa ya ji ƙafar da yake aunawa tana karkarwa, ya ɗaga kai, ya ga Ɗayyabu ya runtse ido hawaye na gangarowa har haɓa. Mai raina ka ba ya yin haka, kuma Illa ya san da wannan.

Ya miƙe da ƙyar, ya zana awon da alli a gefen yadi, bai ko dubi yaron ba.

"Sa rigarka. Kada ka yi ƙiba, kada ka rame, don ba ni ƙara sa maka igiya har abada. Ka ce ma magabatanka su maido kayan jibi."

Da kaka aka ɗaura auren Biba da Ɗayyabu.

Jama'a, kunya ado ce, amma kunyar da ta hana ka aika a faɗi dalilinka, raini za a ɗauke ta. Iyaye kuma su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci cikin fushi. Da Biba ta gaji ta fita zance wurin wani, da shiru da taurin kai sun raba masoya a banza. Haƙurinta ne ya riƙe auren har Allah ya kawo mafita.