Wuƙa Mai Rawani

A wani zamani can, an yi wani mutum mai fere karan da ake sawa a bakin algaita. Ƙotar wuƙarsa siririya ce kamar tsinke. Ya matse ya fere, ya matse ya fere, har hannunsa ya kumbura. Ga bikin 'yarsa ya matso, mai algaita kuma ya ce in babu sabon kara, babu busa.

Ni da Allah ya hore wa basira na ce masa, "Malam, naɗa wa ƙotar tsumma ta cika maka hannu."

Ya naɗa. Maƙwabta suka fashe da dariya, suna cewa, "Ranka ya daɗe, yaushe wuƙa ta samu sarauta?"

Ya ce, "Ku yi ta dariya, ba zan kwance ba."

Ya fere ya huta, ya fere ya huta. Kumburi ya saɓe, kara ya fito sumul.

Ranar biki algaita ta tashi, amarya har da hawayen murna. Washegari masu dariyar nan suka zo roƙon tsumma. Kowa shi yake yabo. Ni kuwa da na kawo dabarar, malmalar tuwo uku kacal aka ba ni!