Dutse Mai Shuɗin Zare

Da hantsi mai shagon duwatsun wuya ya kai rahoto ofishin 'yan sanda: an sace masa wani farin dutse garai-garai kamar ƙanƙara, mai siraran shuɗin zare a cikinsa. Irinsa sai a yi shekara goma ba a haƙo ba.

Shaida ɗaya ce, yayansa, tsohon da ke huda duwatsun. Ya ce da idonsa ya ga matar da ke goge su ta jefa shi a jaka. Aka tsare ta, tana ta kukan 'ya'yanta.

Sufeto ba ya son shaidar da ta zo da sauƙi. Ya tafi shagon.

Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ya tsoma hannu a kwanon ruwan da ke ƙarƙashin injin huda, ya laluba laka, sai ga ɗan gutsuren dutse mai shuɗin zare.

"Yaya kuke huda dutse?" ya tambayi mai shagon.

"Ta gefe biyu, ranka ya daɗe, har ramukan su haɗu a tsakiya. In suka saɓa, dutse ya tsage. Shekara arba'in Yaya bai taɓa saɓawa ba."

Sufeto ya juya ga tsohon. "Baba, daga ina ka hango ta?"

"Daga nan kujerata."

"Wane launi ne jakar?"

"Baƙa."

Jakar ja ce. Sufeto ya koma inda teburin matar yake, ya ɗaga hannu.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Tsohon ya ƙura ido, ya daɗe. Sai hawaye. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance: dutsen ne, ya rabe biyu.

"Tun bara hazo nake gani," ya ce. "Da hannu nake lalube. Na ji tsoron a ce na ƙare."

"Shi ne ka rataya wa baiwar Allah sata?"

Mai shagon ya durƙushe yana cewa, "Haba Yaya, da ka faɗa mini! Dutse ne fa kawai!"

Sufeto ya buga waya a saki matar. Tausayin tsohon ya cika shi, amma ƙarya ga hukuma laifi ce. Zai tafi da shi ofis, sai dai bai sa masa ankwa ba. Hannun tsohon ya riƙe, don kada ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa.