Kunne a Jikin Tanki

Gab da magariba tsohuwar akori-kurarmu ta fara shaƙewa a hawan tudu, ta mutu. Yayana, wanda shi ne bakanike, yana kwance a baya, kwana uku ko magana ba ya iyawa. Ga asibiti da sauran nisa, hanya kuma ko tsuntsu babu.

Shi ya koya min: wani ya murɗa makulli, kai ka kara kunne a jikin tanki. In famfon mai na da ƙarfi, za ka ji kukansa. To wa zai murɗa min? Na shiga ƙarƙashin motar ina zaginta.

Sai na ji makulli ya yi ƙas. Famfo ya ɗauki kuka.

"Ka ji?" Muryar Yaya ce daga mazaunin direba, tas, babu tari. "Famfo lafiya lau, ƙanena. Filta ce ta toshe, mai ba ya isa inji."

Na yunƙuro da murna. Goshina ya bugi hannun Yaya, yana reto daga bayan motar, sanyi ƙalau.

"Gyara a hankali," in ji muryar. "Babu sauri kuma."